Kwanon wanke hannu a bakin ƙofa: tarihin tsaftar asibiti

Ko makiyayi yana mashaya ko ɗan kasuwa yana jiran a buɗe iyaka, duk wanda ya taɓa kai nasa asibiti ya san wannan fargaba: ka kai mutum da ciwo ɗaya, ya dawo da wani. A shirinmu na wannan mako mun koma baya don mu ga yadda wanke hannu ya shiga asibiti, da dalilin da ya sa har yau ake fama a kansa.

Labarin ya faro ne daga Biyana, babban birnin Ostiriya. A babban asibitin garin akwai ɗakunan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. A ɗakin likitoci, kusan mace 10 cikin 100 na mutuwa da zazzaɓin jego, a na ungozomomi kuwa wajen 4 ne. Matan gari sun san haka, har sukan yi roƙo kada a kai su wurin likitoci.

Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, abin ya hana shi barci. A 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya samu yanka da wuƙar aiki lokacin da ake feɗe gawa don bincike, ya kwanta, ya rasu da alamomi irin na matan nan. Nan Semmelweis ya gane bakin zaren. Likitoci da ɗalibai kan taɓa gawa da safe, daga nan su wuce duba masu naƙuda. Ungozomomi ba sa feɗe gawa. Ke nan cutar a hannun masu magani take tafiya.

A watan Mayun 1847 ya kafa doka: kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin, dangin abin da muke kira jabel, kafin ya taɓa mace. A Afrilu mace-macen sun haura 18 cikin 100. Zuwa Yuli sun sauko ƙasa da 2.

To, za ku ce shi ke nan, kowa ya bi. Ina! Manyan likitoci da yawa sun ƙi. Babu mai son a ce hannunsa ne ke kisa, kuma a lokacin ba a yarda cewa ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke kawo cuta ba. Ruwan ma yana cin fata. Semmelweis ya fitar da littafinsa a 1861, aka yi masa kunnen uwar shegu, ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47. Sai bayan binciken Louis Pasteur a Faransa, da na Joseph Lister wanda a 1867 ya bayyana yadda yake wanke rauni da maganin kashe ƙwayoyin cuta, duniya ta gane mutumin nan gaskiya ya faɗa.

Amma sanin gaskiya daban, yin ta kullum daban. A 1994, a asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Siwizalan, wurin da ba a rasa ruwa ko sabulu, Farfesa Didier Pittet da abokan aikinsa sun zuba ido sun ƙirga. Sai suka tarar ma'aikata na tsaftace hannu sau 48 kawai cikin 100 na lokutan da ya kamata. Ba mugunta ba ce. Aiki ya yi yawa, famfo kuma da nisa daga gado. Sai suka sa wa kowa ƙaramar kwalbar ruwan shafawa a aljihu da gefen gado, irin wanda muka sani lokacin korona. Cikin shekara uku adadin ya kai 66, cututtukan da ake ɗauka a asibitin kuma suka ragu sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan dabara, an gwada ta a asibitin Point G na Bamako inda suka riƙa haɗa ruwan da kansu, kuma tun 2009 ranar 5 ga Mayu ta zama ranar tsaftar hannu.

Mu ma a yankinmu mun ɗanɗana. Zazzaɓin Lassa ya samo suna ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda a 1969 ya kama wata ma'aikaciyar jinya, sannan ya kama waɗanda suka yi jinyarta a Jos. A Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka mutu. A watan Oktoba aka ce Najeriya ta tsira. Da keɓe marasa lafiya, da safar hannu, da ruwan kulorin, da bin sawun duk wanda ya yi mu'amala da su aka yi wannan aiki.

Makiyayi ba sai an koya masa wannan ba. Idan saniya ta fara tari, ai ware ta yake yi, ba ya barinta ta sha a kwami ɗaya da sauran garke. Asibiti ma mashaya ce, kowa da abin da ya zo da shi.

Saboda haka idan jinya ta kai ku asibiti, ko a wannan gefen iyaka ko a wancan, ku tafi da sabulu da buta. Ku wanke hannu kafin ku ba mara lafiya abinci, da bayan kun zubar da fo ko kun taɓa zanin gadonsa. Ku tabbata a gabanku aka yage takardar allura. Idan an ce kada a cika ɗaki da 'yan dubiya, ba wulaƙanci ba ne. In kuma kun ga malamin asibiti ya taso daga wani gado zai taɓa naku, babu laifi ku ce cikin ladabi: «Malam, ga ruwa da sabulu.» Masu hukunta asibitoci kuma, nauyinsu ne su sa ruwa da sabulu kusa da gado, don ma'aikaci ba zai wanke hannu da famfon da ya ƙafe ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.