Yadda Maƙeri Ya Zama Sunan Gida a Ingila

A Ingila babu sunan gida da ya kai Smith yawa. Ma'anarsa maƙeri. Amma yawancin masu amsa shi yau ba su taɓa riƙe masaba ba, balle su ja zuga-zugi.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Anglo-Sakson ne suka zo da ita tsibirin daga gaɓar arewacin Jamus wajen ƙarni na 5, shi ya sa Jamusawa suke da Schmidt, mutanen Holan kuma Smit. A lokacin nan laƙabi ce kawai. In akwai Yohanna biyu a gari, sai a ce Yohanna maƙeri don a bambanta shi da Yohanna mai niƙa. In ya mutu, laƙabin ya bi shi kabari.

Bayan da Normawa suka ci Ingila a shekara ta 1066 sai abin ya fara sakewa. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar wa 'ya'yansu suna. Talakawa suka biyo baya sannu a hankali, a ƙarni na 13 da na 14, sa'ad da littattafan kotu da na haraji suka yawaita. Magatakarda yana bukatar ya san wane Yohanna ne ya biya, wane ne bai biya ba. Abin da ya rubuta kuwa ya zauna, ko da ɗan ya bar maƙera ya koma noma.

Dalilin yawan sunan a fili yake. Sana'a kamar ƙera ƙararrawa sai babban birni, amma kowane ƙauye sai da maƙeri. Shi ke yin bakin garma da lauje da ƙusa, shi ke sa wa doki takalmin ƙarfe, ran yaƙi kuma a nemi mashi a wurinsa. Saboda haka gidajen Smith ba daga kaka ɗaya suka fito ba, dubban maƙera ne da ba su san juna ba. Turawa ma sun raba aikin kamar yadda Hausawa suka raba maƙeran baƙi da maƙeran fari. Mai baƙin ƙarfe shi ne blacksmith, mai zinariya kuma ya bar wa jikokinsa sunan Goldsmith, mai kan kibiya Arrowsmith.

Da sunan ya ƙetare teku sai ya haɗiye waɗansu. A Ayalan akwai 'yan gidan Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri, da suka koma Smith a ƙarƙashin mulkin Ingilishi. A Amurka Jamusawa da dama suka mai da Schmidt ya zama Smith, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da jin Jamusanci a bakin mutum ya zama abin zargi. Waɗanda labarinsu ya fi ban tausayi su ne bayi baƙaƙe. An raba kakanninsu da sunayensu na Afirka, da aka 'yanta su a 1865 kuwa waɗansu suka fita da sunan ubangijin da ya mallake su, waɗansu suka zaɓi Smith da kansu. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta sami masu wannan suna fiye da miliyan 2 da dubu 400.