Piza: daga kan titin Napoli zuwa teburin ƙaramin gari

A ƙananan garuruwan Italiya da na kudancin Faransa, in zafin rana ya sauka, masu gidajen abinci sukan fito da tebura su jera a bakin dandali, iyali su zauna a iska, kowa da faifan pizarsa. Baƙo zai ɗauka al'adar kaka da kakanni ce. Amma a yawancin garuruwan nan ba ta kai shekara ɗari ba. Pizar tsohuwa ce, kujerar da ake zama a ci ta ita ce sabuwa.

Kalmar ta fara bayyana a rubuce a shekara ta 997, cikin wata takarda ta garin Gaeta. Sai dai abin da aka sani yau da wannan suna, a birnin Napoli ya girma, cikin ƙarni na 18, bayan talakawa sun saba da tumatir, wanda aka kawo daga Amurka a ƙarni na 16, aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi don tsoron guba. Napoli a lokacin tana cikin manyan biranen Turai, cike maƙil da ƴan dako da masunta da marasa aikin yi, da yawansu ba su da ko murhu a ɗakin da suke kwana. Wanda ba ya da murhu kuwa, a titi yake ci. Sai a shimfiɗa kwaɓin garin alkama, a zuba mai da tafarnuwa, ko kitse, ko ƙananan kifi, a jefa a tanderu. Yara su ɗora a kai cikin gwangwanin tagulla, suna talla lungu-lungu.

Marubucin Faransa Alexandre Dumas, da ya ziyarci birnin a 1835, ya lura cewa talaka yana rayuwa da kankana da bazara, da piza kuma da sanyi. Ya ji ana maganar piza ta kwana takwas, sai ya zaci wadda ta yi mako da gasawa ce. Alhali bashi ake nufi: ka ci yau, ka biya bayan kwana takwas. Kuskuren ya fi bayaninsa koyarwa, domin ya nuna aljihun masu sayen. A 1884, shekarar da kwalara ta yi ɓarna a Napoli, ƴar jarida Matilde Serao ta rubuta cewa da soldo guda, wato kashi ɗaya cikin 20 na lira, mutum yake samun yankin da zai riƙe shi. Ta kuma ba da labarin wani da ya buɗe shagon piza a Roma, kasuwa ta ƙi, ya rufe.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na 1889: wai Raffaele Esposito ya gasa wa sarauniya Margherita piza mai launin tutar ƙasa, jan tumatir, farin cuku mai laushi da ake kira mozarela, da koren ganyen ɗoɗɗoya, sai aka raɗa mata sunanta. Labari ne mai daɗin ji, kuma ya yi wa sabuwar ƙasar da aka haɗe a 1861 amfani. Amma an bayyana irin wannan haɗi a rubuce tun kafin zuwan sarauniya, kuma masanin tarihi Zachary Nowak ya nuna dalilan shakka game da wasiƙar godiya da ake cewa ta fito daga fada. Abin da labarin ya yi dai shi ne ya sa wa abincin matsiyata rawani, aka manta da masu tallarsa.

Ci-rani ne ya fitar da piza daga Napoli. Tsakanin 1880 da 1920, ƴan Italiya kimanin miliyan 4 suka ƙetara zuwa Amurka, mafi yawansu ƴan kudu; wasu kuma suka sauka a Marseille, inda suka kafa tanderunsu kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. Can ma, da farko su ya su suke ci.

A cikin Italiya kanta, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya canza. A shekarun 1950 da 1960 ma'aikatan kudu suka kwarara zuwa masana'antun Torino da Milano, suka tafi da ɗanɗanonsu. Albashi ya ƙaru, iyali suka fara iya fita cin abinci sau ɗaya a mako, kuma piza ce mafi araha a abin da ake ci a zaune. Masu yawon buɗe ido suna neman ta ko'ina suka sauka, ko da a garin da bai taɓa gasa ta ba. Mai shago ya ga riba, ya gina tanderu, ya fito da kujeru waje. A 1954, cikin fim ɗin Vittorio De Sica mai suna L'oro di Napoli, Sophia Loren tana soya piza a ƙofar gida tana ba da bashi; shekara goma bayan haka, wannan hoto ya soma zama na jiya.

Da abin ya game duniya, ƴan Napoli suka tashi kare nasu. A 1984 suka kafa ƙungiya mai tsara ƙa'ida: tanderun itace mai zafin digiri 485, gashi na daƙiƙa 60 zuwa 90. A Disamban 2017 UNESCO ta sanya sana'ar magasan Napoli cikin al'adun gado na bil'adama. Har yau a tsakiyar birnin ana sayar da ƙarama, a ninke ta huɗu cikin takarda, mai saye ya ci yana tafiya.