Mary Slessor, Uwar Tagwaye

'Yan'uwa, yayin da mu ke tunawa da waɗanda suka riga mu cikin aiki, ya kamata mu ba da labarin wata mace wadda ba ta taɓa haihuwa ba, amma mutanen ƙasar Kalaba suka kira ta uwar dukan mutane.

An haifi Mary Slessor ran 2 ga Disamba 1848 a Aberdin, cikin ƙasar Sikotland. Ubanta baduku ne, amma giya ta cinye shi. Uwarta ce ta riƙe gida da saƙa, ita ce kuma ta kan karanta wa 'ya'yanta labarin aikin Mishan na Kalaba. A 1859 suka koma Dundee, Mary kuwa ta shiga masaƙa tana da shekara 11, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta ƙara girma sai ta yi ta aiki sa'a 12 kowace rana. Duk da haka, in ta tashi da maraice ta kan tafi unguwar matalauta ta koya wa yara, ba wanda ya ke biyanta ko anini.

Ta sauka Kalaba a watan Satumba 1876. Ba ita ce ta fara aiki a wurin ba, gama Hope Waddell da waɗansu masu bi daga Jamaika sun iso tun 1846. Ta koyi harshen Efik har ta iya shi sarai, ta bar abincin Turawa ta ci na ƙasa, domin ta riƙa aika wa uwarta da kuɗi daga ɗan albashinta.

A cikinmu in aka haifi tagwaye murna a ke yi, a raɗa musu Hassan da Husaini. A can kuwa a zamanin nan tsoro a ke ji. Mutane suna tsammani ɗaya daga cikin jariran ɗan mugun ruhu ne, tun da ba a san ko wanne ba, sai a sa su duka biyu cikin tukunya a yar a jeji, a kori uwar daga gari. Mun sha ji ana cewa Mary kaɗai ta hana wannan al'ada. Ba haka ba ne. Waɗanda suka riga ta sun daɗe suna faɗa da ita, a 1878 kuma sarakunan Kalaba suka sa hannu a takardar hani. Amma doka a takarda ba ta ba jariri nono. Abin da Mary ta yi shi ne, in ta ji labari, ko da tsakar dare ne, ta ruga ta ɗauko jariran, ta kawo su ɗakinta, ta yi renonsu a idon kowa, har mutane su gani da idonsu babu masifar da ta auko mata.

Akwai waɗansu tagwaye, mace da namiji, da ta ceta. Dangi suka yaudare ta suka ɗauke namijin suka kashe. Ta riƙe macen, ta sa mata suna Janie, sunan ƙanwarta, ta tafi da ita Sikotland a 1883. Bayanta waɗansu da yawa suka zo, har gidan bai taɓa rasa kukan jariri ba.

A watan Agusta 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, inda mutane su ke tsoron zuwa. Ta isa Ekenge da dare cikin ruwan sama, da yara biyar tare da ita. A nan ta sami ƙawa, Ma Eme, 'yar'uwar sarki Edem. In ana shirin ba mutum waken dafi don a gwada laifinsa, ko ana shirin yaƙi, Ma Eme ta kan aiko da kwalba wofi, wai tana neman magani, Mary kuwa ta gane, ta tashi nan da nan. Ma Eme ba ta zama mai bi ba har ta mutu, amma rayuka da yawa sun tsira ta hannunta, bai kamata mu manta da ita ba. Sa'ad da agana ta faɗa wa ƙasar, Mary ta yi ta yi wa mutane lamba, ta mai da tsohon gidanta asibiti. Da sarki Edem ya mutu, kowa ya gudu, ita da kanta ta haɗa akwati ta binne shi.

A 1892 Gwamnatin Ingila ta ba ta ikon yin shari'a a Okoyong. Ta kan zauna yini guda tana saƙa da allura tana jin ƙara. Ba za mu ɓoye ba, tana da zafin rai, in mai shaida ya cika surutu ta kan tashi ta mare shi. Ba ta kula da jikinta ba kuma, tana yawo ba takalmi ba malafa, zazzaɓi kuwa bai rabu da ita ba.

Ta rasu a Use Ikot Oku ran 13 ga Janairu 1915, tana da shekara 66, Janie da sauran 'ya'yanta suna kewaye da ita. Aka sa gawarta a jirgin ruwa aka gangara da ita Kogin Kuros zuwa Kalaba, aka binne ta a Duke Town. A 1997 wani banki na Sikotland ya buga hotonta a takardar fam 10.