Daga majigi zuwa wayar salula: tarihin hoton mawaƙi a ƙasar Arewa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mawaƙan ƙasarmu sun daɗe ana jin su, amma ganinsu sai wanda ya halarci biki, ko filin kokawa, ko gayyar noma. A Kore Mairuwa, garin da ke bisa babbar hanyar kwalta tsakanin Doso da Dogon Dutsi, kamar sauran garuruwan Arewa, sunan makaɗi yakan yi tafiya ne a bakin fatake da ƴan cin kasuwa, ya tsaya inda ƙafarsu ta tsaya. Yau kuwa saurayi guda mai wayar salula yana iya ɗaukar hoton mai goge da hantsi, kafin la'asar ƴan cin rani a Legas da Kwatano sun kalle shi. Tarihin waɗannan gajerun hotuna da matasa ke kira kilip, tarihi ne na hannuwan da kamara ta ratsa kafin ta iso namu.

Da fari kamara tana hannun masu bincike ne da ƴan ƙalilan masu sinima. Fim ɗin milimita 16 yana da tsada, kuma sai an aika shi Faransa a wanke. A shekarun 1960 Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa littafi kan tarihin Arawa a 1970, ya ɗauki fina-finai a wannan yanki, ciki har da wanda ya sa wa suna Mahauta. A 1971 Jean Rouch ya ɗauki makaɗan Simiri ta Zarmaganda cikin wani fim na kimanin minti goma, ɗauka guda babu yankewa. Waɗannan ayyuka sun adana abin da da ya ɓace, sai dai galibin masu kallonsu suna jami'o'in Turai. Ƴan ƙasa ma sun taka rawa: Mustafa Alasan ya fito da Aure a 1962, Umaru Ganda ya ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu a 1972. Amma ko labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi. Labari namu, ƙasar da ke cikin hoton ta wasu.

Daga nan kamara ta koma hannun hukuma. An fara telebijin ta makarantu a 1964, Tele Sahel ta zama ta kowa da kowa a 1979. Zamanin Seyni Kunce ne, lokacin samariya da bikin matasa na ƙasa da aka soma a 1976, inda kowace jaha ke kai ƙungiyoyin waƙa da rawa. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. A irin wannan yanayi ne ƙungiyoyi kamar Akazama ta Dogon Dutsi suka yi suna. Ƙofa ta buɗe, amma ƙofa guda ce, kuma ƙunci gare ta. Kafin mawaƙin ƙauye ya fito a telebijin, sai ya tsallake zaɓen gunduma da na jaha, sau da yawa kuma da waƙar da ta dace da saƙon gwamnati: haɗin kai, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci. Mai kalangun mahauta da mai gogen ƴan bori ba kasafai suke samun wuri ba.

Babban sauyi daga kasuwa ya zo, kasuwar Kano. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, abin da ya nuna cewa ana iya yin fim da ƙaramar kamara da jari kaɗan. Bayan Sangaya a 1999, waƙa da rawa suka zama gishirin fim ɗin Hausa, har aka shiga tsamo waƙoƙin ana tara su a faifai guda ana sayarwa. Arewa tana maƙwabtaka da jahar Kabi, harshe ɗaya, dangi ɗaya, don haka kaset da faifan CD suka riƙa shigowa tare da sauran hajja, gidajen kallo masu injin wuta suka bazu har ƙauyuka. A Yamai kuwa, gidajen telebijin masu zaman kansu, Ténéré daga 2000 da Dounia daga 2007, sun buƙaci abin nunawa, ƴan rap irin su Ƙa'idan Gaskiya da Lakal Kaney suka cika gurbin da kilip. A nan matasanmu suka koyi darasin da har yau ake aiki da shi: a ɗauki murya a situdiyo, a saki waƙar a fili mawaƙi yana bin ta da baki, a ɗauka sau uku ko huɗu a wurare dabam-dabam, sannan a haɗa a kwamfuta.

Wayar salula ce ta ƙarasa aikin. Kamfanin Celtel ya shigo Nijar a 2001, bayan ƴan shekaru wayoyi masu katin memori da Bluetooth suka mai da kowane aljihu rumbun waƙoƙi, masu tura waƙa suka kafa tebur a kasuwanni. Misalin Mdou Moctar ya isa hujja. Wannan mai gita, Buzun jahar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa a Sakkwato a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011. Daga nan duniya ta san shi. A 2020 kuma, waƙar Hamisu Breaker, Jarumar Mata, ta game ƙasar Hausa saboda gajerun hotunan da matan aure suka riƙa ɗauka suna rawa a ɗakunansu. Masu saurare da kansu suka zama ƴan talla.

To, me wannan sauƙi ya bari a baya? Idan mai karatu ya duba abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok, zai tarar mafi yawansa kiɗan fiyano ne irin na Kano, da muryar da na'ura ta gyara. Saurayi yakan ɗauki tsaransa, yana ganin tsohon makaɗi bai dace da hoto ba. Batun lada ma yana nan. Makaɗin da, ana yi masa kari a fili, hannu da hannu. Kilip kuwa yana iya zaga garuruwa ɗari ba tare da ko dala ta koma ga mai waƙa ba, domin ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, da aka kafa a 1995, hannunsa ba ya kai wa ga abin da ake turawa tsakanin waya da waya. Ribar mawaƙi ita ce gayyatar biki da hoton zai jawo masa, shi ya sa kilip marar sunan mawaƙi da na garinsa asara ce tsantsa. Sannan waya ba taska ba ce. Fim ɗin Simiri ya haura shekara 50 ana kallonsa, alhali hoton da aka ɗauka bara yana iya tafiya tare da katin da ya lalace.

A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Kamara ta iso Kore Mairuwa, ta iso Tibiri, Gecheme da Matankari, ba a jiran izini daga Yamai ko kuɗi daga Paris. Abin da ya rage shi ne tsari: a nemi yardar makaɗi kafin a ɗauke shi, a ɗauki sautin goge da gurmi da kalangu yadda suke, a wurin da aka saba kaɗa su, a rubuta suna da gari da shekara a farkon hoto, a rubuta baitocin a takarda, a ajiye kofi a makaranta da gidan rediyon yanki. Ɗaliban da ke koyon rubutun Hausa a aji za su iya wannan aiki, kuma za su ƙaru da kalmomin da babu su a ƙamus. Tsofaffin makaɗan Arewa suna raguwa kowace shekara, kuma kowanensu da tarin kirari da taken gidaje a kansa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu dace.