Hujja a Hannun Mai Tuhuma: Shari'ar Ordtec a Ingila, 1992-1995

A wannan takarda za mu duba yadda ake tabbatar da laifin fitar da kaya ƙasashen waje ba da lasin ba, musamman idan magana ta kai gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mun zaɓi shari'ar kamfanin Ordtec domin ta fito da wata matsala fili: gwamnati ce ke ba da lasin, ita ce ke tuhuma, kuma a ofisoshinta hujjoji suke.

Tun 1985 gwamnatin Birtaniya ta shaida wa majalisa ƙa'idodinta na taƙaita sayar wa Iraƙi da Iran kayan yaƙi. Bayan tsagaita wuta a 1988 sai aka sassauta su ba tare da an sanar da majalisa ba. A Fabrairun 1992 aka gurfanar da mutum huɗu a kotun Reading, bisa zargin haɗa baki don kai wa Iraƙi na'urorin haɗa abin da ke tayar da harsashin igwa, alhali takardunsu sun nuna Jordan kayan za su. Kariyarsu ita ce hukuma ta san Jordan mashiga ce kurum, ta kau da kai. Da suka kasa samun takardun da za su gaskata haka, sai suka amsa laifi.

A Nuwamban shekarar shari'ar Matrix Churchill ta rushe, bayan da tsohon minista Alan Clark ya ba da shaidar da ta karya hujjar masu gabatar da ƙara. Wannan ya jawo binciken Sir Richard Scott, wanda ya tono takardun da ba a nuna ba a baya. A Nuwamban 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Lord Taylor, ta soke hukuncin Ordtec, domin rashin bayyana takardun babban aibi ne, kuma a kansa aka gina amsa laifin.

Daga nan za mu fahimci cewa nuna kaya sun ƙetare iyaka bai wadatar ba. Wajibi ne a san abin da mai ba da lasin ya sani. Rahoton Scott na 1996 ya soki dokar 1939 da aka yi don yaƙi, har aka maye gurbin tanadinta na fitar da kaya da sabuwar doka a 2002.