Najeriya a gasar Paralympics

Paralympics ita ce babbar gasar wasanni ta duniya ta masu buƙata ta musamman. Ana yin ta duk bayan shekara huɗu, a birnin da ya karɓi baƙuncin gasar Olympics. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fi yin fice a gasar, musamman a fannin ɗaga ƙarfe.

Tarihi

Najeriya ta fara halartar gasar a shekarar 1992 a birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya, inda ta samu zinare 3. Adeoye Ajibola ya ci biyu a gudun mita 100 da mita 200, Monday Emoghavwe kuma ya ci ɗaya a ɗaga ƙarfe. A Sydney a 2000 ƙasar ta samu lambobi 13, ciki har da zinare 7. Haka ma a Landan a 2012 ta samu 13, a shekarar da tawagarta ta Olympics ta dawo gida ba ko lamba ɗaya. A Rio a 2016 ta ci zinare 8, mafi yawa a tarihinta. A Tokyo ta samu lambobi 10, a Paris a 2024 kuma 7.

Ɗaga ƙarfe

Daga wannan wasa ne akasarin lambobin Najeriya ke fitowa. Ɗan wasa yana kwanciya rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfen zuwa ƙirjinsa, sannan ya tura shi sama har hannayensa su miƙe. Lucy Ejike, wadda cutar shan inna ta sa take amfani da keken guragu, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. A Paris, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, nauyin da ya kafa sabon tarihi a duniya.

Sauran wasanni

Flora Ugwunwa ta ci zinare a jifan mashi a Rio da Tokyo. A 2024 Mariam Eniola Bolaji ta samu tagulla a badminton, wadda ita ce lamba ta farko da wani ɗan Afirka ya samu a wannan wasa a Olympics ko Paralympics.

Ƙalubale

'Yan wasan sun sha kokawa kan ƙarancin kayan atisaye da jinkirin biyan alawus, da rashin tallafi mai ɗorewa bayan an kammala gasa.