Yaƙin Agada a Onne

Jama'a, kullum muna cin agada a Trans-Amadi, amma mu nawa muka san yaƙin da aka yi a kanta a Onne, nan kusa da Fatakwal? A 1986 cutar Black Sigatoka ta ɓulla a Najeriya, tana ƙona ganye, nonon agada ya ƙanƙance. Maganin feshi kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Sai masanan IITA na Onne suka yi wa agadar gida aure da ayabar daji mai jure cutar, suka samo sabon iri. A 1994 aikin ya ciyo lambar yabo ta Sarki Baudouin.

Ni dai ina tuna wa 'yan ajinmu masu zille wa gonar makaranta: cikin taɓo da ruwan sama aka yi wannan bincike. Mu daure, don Allah.